Ɗigar fitsari lokacin tari ko atishawa: wane irin kamfai ya dace na saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 43, kuma tun bayan haihuwata ta huɗu nake fama da wata matsala da nake jin nauyin faɗa wa kowa. Duk lokacin da na yi tari, ko atishawa, ko dariya mai ƙarfi, sai ɗan fitsari ya kuɓuce mini. Audugar mata nake sakawa, amma tana sa mini ƙaiƙayi, ga zarni. Na ji ana sayar da kamfai mai tsotse fitsari wanda ake wankewa a sake sakawa. Ta yaya zan gane mai kyau? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Na ji daɗi da kika daure kika rubuto, domin mata da yawa suna ɗauke da wannan damuwa shekara da shekaru ba tare da sun buɗe baki ba. Abin da kika bayyana yana faruwa ne idan tsokokin ƙasan ƙugu, waɗanda suke tallafe mafitsara, suka yi rauni saboda ciki, haihuwa, ƙiba ko ɗaukewar al'ada, sai tari ko atishawa su matsa mara, fitsari ya sami hanya. Wannan daban yake da yoyon fitsari da ke biyo bayan doguwar naƙuda, wanda yake zuba dare da rana, kuma aikin tiyata yake bukata.

Ƙorafinki kan audugar mata yana kan hanya. An yi ta ne domin jini, wanda yake da kauri kuma yake sauka a hankali, shi kuwa fitsari ruwa ne tsararo da ke zuwa lokaci guda. Saboda haka ki tabbata kamfan da za ki saya an rubuta a jikinsa cewa na fitsari ne, domin akwai na al'ada da suke kama da shi ƙwarai. Mai inganci yana da shimfiɗa uku a tsakiya: ta sama mai janye danshi daga fata, ta tsakiya mai shanye ruwan, da ta ƙasa, wata siririyar leda da aka manna wa yadi domin kada ruwa ya ratsa zuwa tufafi.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne ki san yawan abin da ke fita kafin ki fitar da kuɗinki. Kalmomi irin su "kaɗan" da "matsakaici" da kamfanoni suke rubutawa ba su da ma'auni ɗaya, don haka adadin mililita shi ne abin dubawa. Cokalin shayi ɗaya mililita 5 ne. Ki sami ƙaramin sikeli, ki auna busasshiyar auduga da safe, ki sake auna ta bayan kin cire. Kowane giram ɗaya da ya ƙaru daidai yake da kusan mililita ɗaya ta fitsari. Idan kika yi haka kwana uku, har da ranar da kika fi zirga-zirga, za ki san matsayinki, sai ki zaɓi wanda yake ɗaukar fiye da abin da kika auna. Irin wannan kamfai na ɗigo ne kawai. Cikakkiyar mafitsara tana riƙe mililita 400 zuwa 600, kuma ba a yi shi domin hakan ba.

Sannan ki sayi guda ɗaya tak da farko. Ki wanke shi, ya bushe, ki shimfiɗa shi a kan farin tawul, ki zuba cokalin shayi uku ko huɗu na ruwa lokaci guda a gaban shimfiɗar, inda fitsari yake sauka. Bayan minti ɗaya ki danna da takarda mai laushi. Idan takardar ta jiƙe sharkaf, ko ruwan ya gangara gefe ya taɓa tawul, to wannan ba naki ba ne. Ki duba kuma ko shimfiɗar ta taho gaba sosai, sannan robar cinya ta kama jiki ba tare da ta bar shata ba, domin galibi ta gefe ake samun yoyo idan kamfai ya yi yawa.

Wanki kuwa, ki ɗauraye da ruwan sanyi da zarar kin cire, ki wanke da sabulu marar ƙamshi mai ƙarfi, ki shanya ya bushe sarai. Kada ki sa bilic ko ruwan tausasa tufafi, domin na biyun yana toshe zaren ya daina shan ruwa, kuma kada ki yi masa guga, zafi yana lalata ledar. Yana daɗewa bai bushe ba, don haka idan ya karɓe ki za ki bukaci huɗu ko biyar. Da kin ji danshi ki canza, domin fitsarin da ya jima a jikin fata shi ke kawo zarni da ƙuraje.

Ina roƙonki kada ki tsaya a kan kamfai, domin matsalarki tana da magani. Akwai motsa tsokokin ƙasan ƙugu, wanda likitan mata ɗan Amurka Arnold Kegel ya bayyana a 1948: ki matse kamar mai riƙe fitsari da tusa, ki riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, ki saki, aƙalla sau 8 a jere, sau uku a rana, har tsawon wata uku. Ma'aikaciyar lafiya za ta iya duba ko tsokar da ta dace kike matsewa. Idan kuwa kika ga jini a fitsari, ko kina jin zafi wajen yinsa, ko zazzaɓi, ko ƙishirwa mai yawa, ko wani abu yana saukowa a gabanki, ki je asibiti a cikin makon nan, kafin maganar sayen komai.