Gidan haya a Zango da maganar amana

Malam, na ga tambayarka, kuma ta ɗan taɓa ni. Ka ce yaya za a yi Bahaushe ya zauna gida ɗaya da Asante da Ewe da Frafra, ƙabilun nan Gana, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya, ya kuma yi barci har da minshari? Sannan ka ɗora da cewa ai mu Hausawan Kumasi suna ne kawai ya rage mana, tunda har mace "ya zo" muke ce mata. Wannan kam ban musa ba, ni ma sai na zauna rubutu nake tunawa da "ta". To amma bari in ba ka labarin gidan da aka haife ni.

Ɗaki 14 ne zagaye da tsakar gida, mitar wuta ɗaya. Kuɗin wuta da maki ake raba shi: kwan fitila da makinsa, fanka da nata, firji da dutsen guga sun fi nauyi. Ba mai shiga ɗakin wani ya ƙirga, abin da ka faɗa shi ake rubutawa a littafi. Wata shekara kuɗin ya riƙa hauhawa, sai zargi ya faɗa kan wani saurayi ɗan Ewe, don shi ne baƙo a gidan, ga shi ba mai tsaya masa. Ashe wani namu ne, dattijo mai sahun gaba a masallaci, ya shigo da firji cikin dare ya lulluɓe shi da bargo. Manyan gida suka kira shi a keɓe bayan sallar isha'i, ya biya, aka rufa masa asiri. Rufin asirin ya yi kyau. Abin da har yau yake cina shi ne ba wanda ya je ya ce wa yaron nan "yi haƙuri", har da ni da na san komai. Bayan wata uku ya tattara ya tashi.

Ka ga ban zo in wanke kanmu ba. Amma ka san abin da ya faru a nan a Nuwamban 1969? Gwamnatin Firaminista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Kakana tela ne, a nan ya girma, bai taɓa tunanin wata takarda ba. Mutane suna ta karyar da kaya a wulaƙance don su samu kuɗin mota. Shi kuwa ya ɗauki kekensa na ɗinki da akwatin kakarmu da mabuɗin ɗaki ya kai wa matar da ke ɗakin kusa da nasu, Ba'asantiya ce, Kirista, kowa Maame yake ce mata. Ba shaida, ba rubutu. Ya ce, "Maame, in na dawo to, in ban dawo ba na yafe miki." Ta ce kada ya ƙara faɗar haka.

Sai bayan da soja suka kifar da Busia a Janairun 1972 ya samu ya dawo. Ya tarar ta sa ƙanenta a ɗakin don kada mai gida ya ba wani, ta riƙa biyan haya daga aljihunta, keken ma tana sa masa mai lokaci-lokaci don kada ya yi tsatsa. Kakarmu ta buɗe akwati ta ƙirga zannuwanta, ko ɗankwali bai yi ciwon kai ba. Duk sanda ake wa'azi aka kawo hadisin da Jibrilu bai gushe ba yana yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado, kakana yakan girgiza kai ya ce shi da idonsa ya ga wadda ta yi aiki da shi, kuma ba ta taɓa jinsa ba. Kuma kafin ka ce kora halin mutanen Gana ne, ku ma kun rama a 1983 zamanin Shagari, jakar da suka kwashe kaya a ciki har yau da sunansu kuke kiranta.

Maganar auratayya da wasu ƙabilu da ka taɓo, wadda ita ce ta fi damunku a can, daga nan tamu ta faro. Baffana 'yar Maame ya aura. Asante ta wajen uwa suke ƙirga dangi, mu ta wajen uba, sai 'ya'yan suka tashi kowane ɓangare yana cewa nasa ne. Suna jin Twi, suna jin Hausa, babbar cikinsu ta sauke Alƙur'ani kafin ni. Da muka je biki Kano wata gwaggo ta dube ta ta ce, "Wannan 'yar Gana ce ko?" Ta yi murmushi ta durƙusa ta gaishe ta, amma a mota da za mu dawo ba ta ce uffan ba har muka wuce Zariya.

Keken yana nan a ɗakin mahaifiyata. Ƙafarsa ta karye an yi mata walda, ana dai ɗinka ɗan abin da ba a rasa ba da shi.