In ɓuya in ɗauki hoton mutane ba su sani ba?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni matashi ne a unguwar Zango ta Damagaram, wata shida ke nan da na sayi kyamarar Canon ta hannu. Ina son ɗaukar mutane a kasuwar Dole da lungunan Birni, amma da na ɗaga kyamara sai kowa ya ɗaure fuska. Jiya ma wani dattijo ya kusa fasa mini ita. Abokina ya ce in sayi dogon zum, wato gilashin kyamara mai jawo abu kusa, in riƙa ɗauka daga nesa. Tsoro ya fara hana ni fita, ina mafita?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, duk mun sha wannan zagin. Gajeren gilashi mai milimita 35 ko 50 ya ishe ka. Fita kafin ƙarfe 9 na safe ko bayan la'asar. In rana ta take, ja mutum bakin zaure, hasken gefe ya zauna masa a kunci. Ka auna haske a fuska, don farin rawani da babbar riga suna ruɗin kyamara, fuska ta fito baƙi ƙirin. Da hunturu hazo yana tausasa haske, amma kada ka kuskura ka sauya gilashi a waje, don ƙura za ta shiga kyamara.

Sai maganar abokinka. Kusan kullum sai wani yaro ya kawo mini ita, har na gaji. Sun kalli masu koyarwa a YouTube suna satar hoto a Faris, suna cewa titi na kowa ne. To, Damagaram ba Faris ba ce. Can wanda ka ɗauka ba za ku sake haɗuwa ba. Nan matar da ka laɓe ka ɗauka tana sayen kayan miya, ƙila surukar maƙwabcinku ce, kuma kafin magariba hoton ya kai wayar mijinta. Wa zai raba ku?

Kana zaton dogon zum yana ɓoye mutum? Tona shi yake. Ɗan kasuwa da ke gane ɓarawo tun daga nesa, ya kasa ganin saurayi a bayan rumfa da abu kamar bututu? Mai kyamara a fili baƙo ne, mai laɓewa kuwa ɗan leƙen asiri za a kira shi, kuma ka san yadda ake ji da maganar tsaro a ƙasar nan yanzu. Barikin soja, shingen jandarma, motar ƴan sanda: ko ba da gangan ka yi ba, in suka shiga bayan hotonka, kai za ka yi bayani. Akwai yarona da ya kwana biyu ba kyamara ba waya saboda wani gini da bai ma lura da shi ba. Ga kuma dokar laifuffukan intanet ta 2019, wadda ƴan Facebook ke mantawa da ita sai sammaci ya iso.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne almajirai. Kowane sabon mai kyamara sai ya je ya ɗauki yaro da kwanon bara don ya tara yabo. Ka tambayi malaminsa? Za ka yarda a yi wa ƙaninka haka?

Koma wurin dattijon nan gobe, kyamara rataye, murfinta a rufe. Yi sallama, ba shi haƙuri, sayi goro, zauna. Kwana uku kana zuwa, shi da kansa zai gyara hula ya ce ɗauke ni. Kada ka danna a lokacin, jira har mai saye ya zo ya manta da kai. Sai ka wanke hoton ka kai masa a hannu. A bakin fada ma haka: gaida dogarai tukuna, su za su nuna maka inda za ka tsaya ranar hawan salla.