Me ya sa DuckStation ke neman BIOS, PPSSPP kuwa ba ya nema?

Tambaya: Na sa DuckStation a wayata don in buga tsofaffin wasannin PlayStation, sai ya ƙi tashi, wai sai na kawo BIOS. PPSSPP kuwa bai taɓa tambayata komai ba. Mene ne BIOS ɗin nan?

Amsa: Malam, wayarka lafiyarta ƙalau. DuckStation da PPSSPP duka manhajojin kwaikwayo ne, masu sa waya ta yi aiki kamar na'urar wasa: DuckStation yana kwaikwayon PlayStation ta farko, PPSSPP kuma PSP, ƙaramar PlayStation ta hannu. BIOS ƙaramar manhaja ce da kamfanin Sony ya dasa a cikin na'urar tun daga masana'anta. Ba a kan faifan wasa take ba, shi ya sa ka samu wasan amma ba ka same ta ba. A PlayStation ta farko, wadda ta fito a Japan a 1994, girmanta KB 512 ne kacal. Ita ke nuna farin allon nan mai tambarin Sony da amonsa, sannan ta ɗauko wasan daga faifai.

Ko bayan wasa ya kankama ba ta hutawa. In zai ajiye inda ka tsaya a memori kad, ko ya buɗe wani fayil, sau da yawa ita yake aika. Manhajar kwaikwayo ta gina maka gangar jikin na'urar, amma in wasan ya yi kira babu mai amsawa, sai ya cije.

Masu PPSSPP sun zauna ne sun rubuta tasu manhajar da ke amsa kiran a madadin ta Sony. DuckStation da PCSX2 (mai kwaikwayon PlayStation 2) kuwa sun zaɓi ta asali, kuma ina ganin sun yi daidai: wasu wasannin sun dogara da ƙananan halayen BIOS da ke da wuyar kwaikwaya. Ba za su haɗa maka da ita ba, domin haƙƙin mallakarta na Sony ne. A 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yarda kamfanin Connectix ya kwafe ta don nazari, amma wannan ba izinin rarraba ta ba ne.

Hanya mai tsabta ita ce ka ciro ta daga na'urarka, kuma tsofaffin na'urorin gidajen gem har yanzu ana samunsu a kasuwa. Ka kula da yanki: BIOS mai lamba SCPH-5500 ta Japan ce, 5501 ta Amurka, 5502 ta Turai, ka haɗa kowane wasa da ta yankinsa. Wanda ya ba ka fayil mai ƙarewa da apk ko exe ya ce BIOS ce, kada ka buɗe shi.