Likitan Dabbobi Ya Amsa: Rainon Ɗan Kwikwiyon da Aka Tsinta Ba Lafiya

Tambaya: Likita, na tsinci wani ɗan kwikwiyo a cikin kwata a Sharaɗa, ya rame ƙwarai, gashinsa ya zube a wurare da dama, kuma yana ɗingishi da ƙafar baya. Tausayinsa ya kama ni, ina so in raine shi ya riƙa yi mini gadin shago. Ta ina zan fara? Daga Malam Habu, Sharaɗa.

Amsa: Malam Habu, Allah ya saka maka da alheri, domin hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne a wurinmu. Abu na farko shi ne ka keɓe shi a wuri mai inuwa, nesa da yara da sauran dabbobi, na tsawon aƙalla mako biyu, amma ka kai shi asibitin dabbobi tun a kwana na farko ko na biyu, saboda ba ka san abin da ya ɗauko a yawonsa ba. Zubar gashin da ka gani mai yiwuwa ƙazuwa ce, wadda wasu ƙananan ƙwari masu shiga cikin fata ke haddasawa, kuma akwai nau'inta da ke sa mutum ƙaiƙayi idan yana yawan taɓa karen. Ina roƙon ka kada ka shafa masa baƙin mai, kamar yadda ake yi a unguwanni, domin yana ƙona fata, kuma idan ya lashe shi guba ce. Ƙazuwa tana jin magani, sai dai takan ɗauki makonni, don haka ana bukatar haƙuri.

Likita zai duba dasashinsa, idan ya yi fari to jini ya yi ƙasa, kuma a nan Kano kaska da tsutsar ciki ne suka fi jawo hakan. Maganin tsutsa ana maimaita shi duk bayan mako 2 har ya kai mako 12 da haihuwa. Rigakafin cutar fabo, wadda ke sa amai da gudawa mai jini, ana fara shi ne daga mako 6 zuwa 8 da haihuwa, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16, amma ba a yi wa dabbar da ke fama da zazzaɓi sai ta murmure. Allurar haukan kare kuwa sai ya kai wata 3, daga nan kuma kowace shekara. Game da ƙafar, idan tsohuwar karaya ce da ta haɗe a karkace, zai iya rayuwa da ɗingishinsa ya kuma yi maka haushi da dare, amma ka sani tun yanzu cewa kare yakan wuce shekara 10 a raye, kuma kuɗin magani da abinci duk a wuyanka suke.

Tambaya: Ɗana mai shekara 7 yana wasa da kwikwiyon da maƙwabcinmu ya tsinto, sai ya ɗan cije shi a yatsa. Jini kaɗan ne ya fito, kuma an ce mini cizon ƙaramin kare ba ya komai. Daga Hajiya Binta, Kurna.

Amsa: Hajiya, wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ta jawo asarar rayuka. Ɗan kwikwiyo yana iya ɗaukar ciwon hauka kamar yadda babban kare yake yi, kuma da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, irin su tsoron ruwa da ruɗewa, kusan babu wanda ke tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 59,000 ne ke mutuwa da shi a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma yara na da kaso mai yawa a ciki. Ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, kada a sa toka ko barkono ko gashin karen, sannan ki kai shi asibiti yau ɗin nan a fara masa allurar rigakafi. Ba allura ɗaya ba ce, akwai ta ranar farko, da ta rana ta 3, da ta 7, da sauran da likita zai tsara, kuma wajibi ne a kammala su. Ki gaya wa maƙwabcinku kada ya kashe karen ko ya jefar da shi, a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, amma kada a jira wa'adin ya cika kafin a fara yi wa yaron allura.

Tambaya: Karyar da na karɓa daga hannun wani da zai bar gari takan faɗi tana shure-shure da kumfa a baki, bayan minti biyu ta tashi garau. Na ba ta farasitamol bai yi amfani ba. Daga Yusufu, Sabon Gari.

Amsa: Yusufu, ka daina ba ta maganin mutane, domin farasitamol yana lalata hantar kare idan ya yi yawa, ibufurofen kuma yana yi wa ciki da ƙoda illa. Abin da ka kwatanta ya yi kama da farfaɗiya, tunda tana dawowa hayyacinta, amma ƙarancin sukari a jini da shan guba su ma suna kawo irin wannan, saboda haka sai an auna jininta, a kuma tabbatar ko an taɓa yi mata allurar haukan kare. Idan abin ya taso kada ka sa hannu a bakinta, ka dai kawar da abin da zai ji mata rauni, ka ɗauki bidiyo da waya ka nuna wa likita. Idan faɗuwar ta wuce minti 5, ka garzaya da ita asibiti nan take. Maganin farfaɗiya kullum ake sha, sau da yawa har ƙarshen rayuwa, kuma ba a tsayar da shi farat ɗaya. A lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, kada ka ɗaure ta a rana ko ƙarƙashin kwano, ka ajiye mata ruwa mai sanyi a kusa, kuma ka cire albasa daga ragowar abincin da kake ba ta, domin tana fasa ƙwayoyin jinin kare.