Fitilar ABS Ta Ƙi Mutuwa: Me Za A Saya, Me Za A Gyara?

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da kaka ta kama aka fara kwasar amfanin gona, tambayoyin masu manyan motoci suka karkata kan birkin tirela, musamman na'urar ABS, wadda ke hana taya cijewa ta riƙa jan ƙasa idan an taka birki da ƙarfi. Na ɗauko huɗu daga ciki.

Tambaya: Malam, ina da tirela ɗaya, kan DAF ne, bodin kuma ɗan Beljiyam mai aksul uku. Riɗi da zoɓo muke ɗauka daga Maigatari zuwa Legas. Tun tsakiyar damina wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, ta ƙi mutuwa. Rewaya ya leƙa ƙarƙashin bodi ya ce kwamfutar ABS ce ta ƙone, in je Ƙofar Ruwa in sayo wata. Sabuwa zan saya ko ta hannu? (Mai mota daga Gumel)

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Da ido ba a gane kwamfuta ta ƙone, sai an ɗora mita. Ita ce mafi tsada a duk tsarin, kuma a abin da na saba gani ita ce ke zuwa ƙarshe wajen lalacewa, don a rufe take ruf, ruwa da ƙura ba sa shiga cikinta da sauƙi. Waya da soket da sensa su ne ke shan laka da girgiza.

Ga yadda abin yake aiki. A bayan kowace tayar da ake sa wa ido akwai zoben ƙarfe mai haƙora, galibi 100, wasu 80 ko 90, yana juyawa tare da taya. Dab da shi akwai sensa, 'yar guntuwa kamar yatsa, tana ƙirga haƙoran suna wucewa tana aika wa kwamfuta. Da zarar kwamfuta ta ga wata taya na neman tsayawa cak alhali motar na gudu, sai ta sa bawul ya rage iskar birkin wannan ɓangaren, ya sake mayarwa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Fitilar da ta kama ba ta ce kwamfuta ta mutu ba. Hasali ma sau da yawa kwamfutar ce da kanta ta kunna ta, tana gaya maka akwai abin da ba ya iso mata.

Fara da tambayar direbanka yaushe fitilar ke kamawa, domin rabin amsar na nan. Lafiyayyen tsari, in an murɗa makulli, fitila za ta kama na ɗan lokaci ta mutu. A wasu bodin ba ta mutuwa sai mota ta fara tafiya ta wuce gudun kilomita 7 a awa, kuma wannan ba laifi ba ne. In ta kama tun a tsaye ta zauna daram ko an hau hanya, a fara zargin wuta, wato fiyus, soket, ko wayar da ta tsinke. In kuwa ta mutu da farko, sai mota ta ɗauki gudu ta dawo, to saƙon taya ne bai cika ba, sai a nufi sensa da zobe da boris.

A fara da igiyar da ke haɗa kai da bodi. Ban da tiyo biyu na iska da igiyar fitilu, akwai igiya ta musamman ta ABS, wadda ake kira ISO 7638, mai baki biyar, ko bakwai a bodin da ke da EBS, wato birkin da kwamfuta ke sarrafa shi gaba ɗaya. Abin da ke ba ni takaici shi ne yawan tirelolin da nake gani a Dawanau da Gujungu wannan igiya na rataye a bayan kai ba a jona ta ba, wasu ma babu ita sam. A cire soket ɗin a duba: bakunansa sun yi kore? Sun lotsa ciki? Ruwa ya kwanta? Baki na 1 da na 2 su ke kawo wuta, na 3 da na 4 nagetif ne, na 5 na fitilar gargaɗi. Kuma kada rewaya ya tsaya a mita kaɗai. Wayar da saura siriri ɗaya ya riƙe ta za ta nuna bolt 24 cif a mita, amma da an ɗora mata aiki sai wutar ta faɗi. Ya jona ƙwan fitilar mota mai bolt 24 ya ga ko zai haska sosai.

In wuta ta isa lafiya, a sauka wajen taya. A sa weji, a ɗaga aksul da jak, a tokare shi da abu mai ƙarfi kafin kowa ya shiga ƙarƙashi. A zare soket ɗin sensa a auna ta. Ta kamfanin WABCO mai lafiya tana ba da tsakanin om 900 zuwa 2000, om kuwa shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta. In mita ba ta motsa ba, waya ta tsinke ko sensar ta mutu. In awon ya yi daidai, a juya mita zuwa AC, a saki birki, yaron mota ya juya tayar da hannu, kamar rabin zagaye a daƙiƙa ɗaya. Ana son a ga aƙalla bolt 0.2. In bai kai ba, kusan kullum sensar ce ta ja baya daga zobe. Ba da noti aka ɗaure ta ba, wani ɗan maƙallin ƙarfe ne ke riƙe da ita a cikin raminta. A tura ta da hannu ko da guntun katako har ta taɓa zoben, ban da guduma, ita za ta daidaita kanta idan taya ta juya. Tazarar da ta wuce milimita 1 ta isa ta kunna maka fitila.

Tun da ka ce a damina abin ya fara, nan zuciyata ta fi karkata. Motar da ke shiga kasuwannin ƙauye tana kwasar taɓo, ya bushe a tsakanin haƙoran zobe, ya haɗu da giris da garin ƙarfe ya toshe su. A wanke da burushi, a duba ko wani haƙori ya karye ko zoben ya karkace. Sannan a kama tayar sama da ƙasa a girgiza. In tana lilo, boris ya saki, kuma shi ke sa zoben ya riƙa dukan sensa yana korar ta baya. Wanda ya tura sensa bai gyara boris ba, kafin ya kai Wudil fitila ta dawo. Boris ɗin ma shi ne babban abin tsoro a nan, don shi ke cire taya a kan hanya.

Akwai gwaji ɗaya mai sauƙi da ke raba gardama. A musanya wayoyin sensar hagu da dama a jikin kwamfuta, mota na tsaye. In laifin da kwamfuta ke nunawa ya koma ɗaya ɓangaren, sensa ce ko wayarta. In ya tsaya inda yake, sannan ne za a fara kallon kwamfuta. Amma a tabbata an mayar da kowace waya gurbinta kafin a tashi, domin in aka bar su a harɗe, tayar hagu za ta cije a saki birkin dama.

To, in duk an bi wannan kuma kwamfutar ce, ka tafi da tsohuwar a hannunka. A jikinta akwai lamba, ta WABCO guda goma ce, da ita ake saye, ba da kamanni ba. A duba ƙarfin wutarta, a duba sensa nawa take karɓa da bawul nawa, ana rubuta shi kamar 2S/2M ko 4S/2M. In ABS ce zalla, ta hannu ba laifi, muddin kun yi yarjejeniya da mai shago cewa za a ɗaura a gwada, in ba ta yi ba a dawo da ita. In EBS ce, ka yi hattara, domin a cikinta an shigar da bayanan bodin da ta fito: nauyinsa, girman tayarsa, yawan haƙoran zobensa. Sai an sake saita ta da kwamfuta ta dace da naka. In mai shago bai san wanda zai saita ba, bar masa kayansa. Sensa kuwa sabuwa nake ba da shawara, tare da sabon maƙalli, don kuɗinta bai kai wahalar sake kwance taya ba.

Tambaya: Ni direba ne, shinkafa nake kwasowa daga ƙauyukan Haɗeja. A hanyar burji in na taka birki sai in ji yana kamawa yana saki, kamar motar ba za ta tsaya ba. Abokan aiki sun ce in sa a cire abin gaba ɗaya, wai don ƙanƙarar ƙasar Turai aka yi shi. Ya ka gani? (Direba daga Malam Madori)

Amsa: Malam direba, abin da ka ji gaskiya ne, ba zan musa maka ba. A kan yashi ko tsakuwa, tayar da ta cije tana tara ƙasa a gabanta ta tsaya da wuri, don haka ABS na iya ƙara maka 'yar tazara. Maganinsa rage gudu a burji, inda dama ba wurin gudu ba ne.

Amma ka tuna da sauran tafiyar. Ka sauke kaya a kudu, ka juyo ba lodi, an yi yayyafin farko kwalta ta yi santsi, shanu suka ɓullo maka a kwana. Birkin da aka yi don tsayar da cikakken lodi ya faɗa kan bodi fayau, tayoyin baya suka cije. Tayar da ta cije ba ta bin hanya, sai bodi ya ɗauko gefe ya share duk abin da ke ɗaya hannun, mai babur ne ko motar fasinja. Don wannan lokacin aka yi ABS, kuma ba sai da ƙanƙara ba. Amurka ta wajabta shi a kan sababbin tireloli masu birkin iska tun 1998. Ko ta fuskar aljihu ka duba, jan taya ɗaya mai ƙarfi a kan kwalta yana cinye wuri guda a jikinta, ta koma tana bugawa har a jefar da ita.

Sai dai ka lura da wani abu. In a kan busasshiyar kwalta ne, kana tafiya a hankali dab da tsayawa, ka ji iska na fita fus-fus birki na saki, wannan ba aikinsa ba ne, laifi ne. Saƙon wata sensa ya yi rauni har kwamfuta ta ɗauka tayar ta tsaya. A bi matakan da na gaya wa Alhaji a sama. Kuma a lokacin gaggawa ka taka ka riƙe, kada ka riƙa ɗagawa kana takawa.

Masu cire ƙwan fitilar ko liƙe ta da salatif, ina roƙonsu don Allah su bari. Direban da zai karɓi motar bayanka zai hau hanya yana zaton yana da abin da ba shi da shi. Sannan ABS ba ya maye gurbin takalmin birkin da ya cinye, ko tiyon da ke yoyon iska, ko lodin da ya wuce kima.

Tambaya: Na samu bodi ɗan Turai da araha, amma kaina Mack ne ɗan Amurka. ABS ɗin zai yi aiki? (Ɗan kasuwa daga Ɗambatta)

Amsa: Kai tsaye dai ba zai yi ba, Alhaji. Motocin Amurka bolt 12 suke amfani da shi, na Turai da na Sin irin su Howo bolt 24, soket ɗinsu ma daban. Akwai sababbin kwamfutoci masu karɓar duka biyu, za ka gani a rubuce a jikinsu. In ba irin su ba ce, sai an sa na'urar ɗaga wuta da sabuwar igiya. Ka haɗa wannan kuɗin a kan farashin kafin ka kira shi araha.

Tambaya: Baba, na yi 'yancin aikin rewaya bara, ina zaune a bakin tashar manyan motoci. Na tara 'yan kuɗi, ina so in sayi na'urar binciken laifi irin wadda ake jonawa a ƙananan motoci. Za ta yi min a tirela? (Matashi daga Wudil)

Amsa: Ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Waccan ta ƙananan motoci ba za ta karanta kwamfutar bodi ba, kuma wadda aka yi wa bolt 12 kaɗai tana iya ƙonewa a motar bolt 24. WABCO da Knorr-Bremse da Haldex kowanne da tasa manhajar da nata mahaɗin, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai farawa. Sayi mita mai kyau wadda ke auna ƙaramar wutar AC, da ƙwan gwaji, da sensa ɗaya sabuwa da igiyar ABS ɗaya lafiyayya da za ka riƙa gwaji da su. Da waɗannan za ka gano mafi yawan abin da zai zo maka. Kwamfutocin ABS da yawa kuma suna faɗin laifinsu ta ƙiftawar fitila, ka ƙirga ka duba a takardar kamfanin, don ma'anar lambobin ta bambanta daga wannan samfuri zuwa wancan. Ka nemi takardar ka ajiye a wayarka.

Haɗin wayar sensa kada ka murɗa ka naɗe da salatif. Wutar da ke bi ta cikinta kaɗan ce ƙwarai, tsatsa 'yar kaɗan ta isa ta kashe ta. Ka yi dalma ka rufe yadda ruwa ba zai shiga ba, ko ka sauya wayar ɗungurungum, ka ɗaure ta a jikin tiyon birki da ɗan sassauci yadda ba za ta tsinke ba in aksul ya yi sama da ƙasa.

Abu biyu za ka riƙa gaya wa direbobin da ke zuwa wurinka. Duk ranar da za a yi walda a jikin bodi, a zare soket ɗin kwamfuta tukuna, domin 'yan kwamfutocin da ke ƙonewa da gaske, walda na cikin manyan masu kashe su. Sannan a riƙa tsiyaye ruwan tankin iska kowace safiya. In ana ganin ruwa ko mai na fita da yawa, a sauya matatar busar da iska ta jikin kai, don wannan ruwan ne ke shiga bawul ya sa shi tsatsa ya maƙale.