Wai da gaske Google ma inji ne?

Tambaya: Salam malam, Allah ya ƙara basira. Ina da injin markaɗe a Funtua, jiya naji yarona yana cewa wai Google ma inji ne, search engine ake ce masa. Abin ya ɗaure min kai, wane irin inji ne ba fetur ba ƙara ba hayaƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, amin. Yaronka ya yi gaskiya. Mu dai kalmar ta iso mana ne bayan ta riga ta zama ta ƙarfe da baƙin mai, shi yasa da an ce inji sai kunne ya jira ƙara.

Engine ɗin da muka mayar inji asalinta Latin ce, ingenium, wato basirar da aka haifi mutum da ita, ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci wajajen 1300, lokacin daga cikin ma'anoninta akwai dabara, wani sa'in ma har makirci. Haka kuma sunan ya hau kan abin da dabarar ta ƙera, musamman manyan majaujawar da ake jifan ganuwa da su a yaƙi, kuma masu haɗa su sune aka fara kira injiniyoyi. Sai a 1712 Thomas Newcomen ya yi injin tururi mai zuƙe ruwa daga ramin ma'adinai a Ingila, James Watt ya zo ya inganta shi, to tun daga nan kalmar ta manne wa abu mai wuta. Kai da kake garin auduga ma, gin ɗin da Turawa ke kiran injin gurzar auduga da shi guntun kalmar nan ne.

Wanda ya fi burge ni shine Charles Babbage, a 1837 ya tsara na'urar lissafi ya sa mata Analytical Engine, bai samu ya gama ƙera ta ba amma ana kallonta a matsayin kakar kwamfuta.

To Google kamar injinka ne Alhaji, ka zuba jiƙaƙƙen gero ta sama ƙullu ya fito ta ƙasa. Ka rubuta tambaya, manhajar da ba ka gani ta tace shafukan intanet da ta riga ta tattara ta jero maka. Kuma ba shi kaɗai bane, akwai Bing da DuckDuckGo, in ka shiga saitin Chrome a wayarka zaka ga wajen canzawa, ka sa yaron ya nuna maka.