Tambaya da Amsa: Mai situdiyo ko ɗan gida, wa zai min hoton gama makaranta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Na gama digiri a ABU Zariya, konbokeshan ɗinmu ya kusa, kuma ni ce ta farko a ɗakinmu da ta kai nan, shi ne Mama tace lallai sai an yi babban hoto an kafa a falo. Na tambayi wani mai situdiyo, kuɗin da ya faɗa min wallahi sai da na zauna, ga hayar gawun, wato rigar bikin yaye ɗalibai, ga ɗinki ga abincin 'yan uwa da za su taho daga Funtuwa. To akwai ɗan yayar Mama yana da iPhone mai kyau yana ɗan taɓa hoto, yace kar na ɓata kuɗi zai min kyauta. In na ƙi zai ji haushi, in na yarda kuma ina tsoron hoton ya lalace. Ya zan yi?
Daga wata ƙanwarki a Samaru

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka, ya sa Mama ta ci moriyar wahalarta.

Kinga hoto iri biyu kike nema amma kin haɗe su wuri ɗaya. Akwai na falo, guda ɗaya tal, wanda duk baƙon da ya shigo sai ya ɗaga kai ya kalla har 'ya'yanki su zo su tarar da shi, akwai kuma na ranar taro, ke da ƙawaye, ke da Mama tana share hawaye, gwaggo tana gyara miki hula. Na farkon ki biya wanda ya iya. Na biyun ki bar wa ɗan uwanki, shi ya san wacece wacece a dangi, mai situdiyo kuwa sai an tsaya ana nuna masa mutane.

Kuma na falon kar ki yarda a yi shi ranar konbokeshan. Ranar nan cunkoso ne, motoci, ƙura, mutum bai san inda nasa suke ba, lokacin da za a fito daga taro rana ta take, hular nan mai faɗi ta zuba miki inuwa a ido, ga gumi ya wanke hoda. Tunda gawun haya ce, ki tambaya tun yanzu yaushe ake bayarwa yaushe ake maidawa, in ta kwana a hannunki sai ki je situdiyo kafin ranar, ko a yi a waje da sassafe ko bayan la'asar da rana ta yi sanyi. Wannan ma zai sauke miki kuɗin, dan da alama abin da ya faɗa miki na ya bi ki ne wuni guda, ki koma kice zama ɗaya kike so, hoto biyu ko uku a gyara, ki ji me zai ce.

Abin da kike saya a wajen gwani ba kamara bace, haske ne. Fuska mai duhu irin tamu, ga gawun mai duhu, ga wataƙila farin mayafi, duk a hoto ɗaya, in mutum bai san aikinsa ba ko dai mayafin ya ƙone ya zama fari fat ba a ganin aikin jikinsa, ko fuskar ta dushe, daga nan sai a ce bari a gyara da editin, a kwaɗa miki filta ki fito fara sol kamar ba ke ba, har Mama ta tsaya tana tambayar wacece wannan. Ni wannan ɗabi'ar ta farar da mutane tana ba ni haushi, kuma masu situdiyon ma da yawansu suna yi, dan haka kar kalmar situdiyo ta ruɗe ki. Kar ki tsaya a abin da ya zuba a Instagram, kowa mai kyaunsa yake sakawa, kice ya nuna miki aikin mutum ɗaya gaba ɗaya, mai kalar fata irin taki, in da hali wanda aka wanke aka saka a firem. In ya fara kame-kame ki nemi wani.

Kafin ki ba da kafin alƙalami ku yi magana a rubuce ko a WhatsApp ne: hoto nawa zai gyara, ranar da zai ba ki, firem a cikin kuɗin yake ko daban, kuma zai ba ki asalin hoton a waya ko filasha. Sai maganar sakawa a shafinsa, in ba kya so ko gida ba sa so ki faɗa tun kafin ya ɗauka, wasu ɗauka suke talla ce ta halal.

Shi kuma ɗan uwan naki wayarsa ta isa, hoton inci 8 da 10 fikzal (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 2400 da 3000 yake buƙata ya fito tsaf, iPhone ta wuce haka. Inda ake tafka ɓarna wajen turawa ne, in ya turo miki ta WhatsApp haka kawai za a matse hoton, a waya ki ga lafiya lau a je wankewa ya dagargaje, kice ya turo a matsayin dokumen ko ku haɗa waya da kwamfuta. Ya goge gilashin kamarar, ya cika caji ya taho da fawa bank, ya ja baya kaɗan ya ɗan yi zum maimakon ya kawo wayar daf da fuska hanci ya kumbura, kuma ya rage amfani da wannan tsarin mai dusar da baya dan yakan cinye jelar hula da gefen mayafi. Ku ma gwada tun yanzu da yamma ɗaya a tsakar gida, in kika ga hannunsa ya faɗa sosai kuma kuɗin sun ƙi, to babu laifi ya yi har na falon, a inuwa, kina fuskantar inda haske yake shigowa.

Maganar jin haushi kuma kar ma ki ce masa kin fi yarda da wani. Kice Yaya ranar taro gaba ɗaya a hannunka take, na situdiyon Mama ce ta matsa, ai ba ƙarya kika yi ba. Ki saka masa kati ko data, ki tabbatar an ajiye masa nasa abincin kafin 'yan Funtuwa su buɗe kula.